Motar Janwe A Matameye: Wa Zai Saya, Wa Zai Biya?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Takeita ta ratsa Kance da Matameye ta nufi Ɗan Barto, ya san alamar da ke nuna masa cewa akwai matsala a gaba. Rassan itace ne da aka karyo aka jera bisa kwalta, sai duwatsu biyu ko uku, sa'an nan can gaba ka hango gingimari ta durƙusa, karen mota na kwance ƙarƙashinta yana sharar barci, direba kuwa ya tafi Damagaram ko Kano neman ƙarfen da ya karye. Wata motar takan kwana biyu a wurin, wata ta yi mako guda cur. In kuma Allah ya sa an gyara an tashi, sai a bar duwatsun nan inda suke, su zama tarko ga ɗan kabu-kabun da zai biyo hanyar da dare.

Mun saba da ganin haka har mun ɗauke shi wani ɓangare na tafiya, kamar ƙura da zafin rana. To amma jama'a, ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu, wai shin a cikin wannan kwanan da mota ke yi a gefen hanya, wa ya fi asara? Mai mota yana asara, babu shakka, domin motar da ke tsaye ba ta kawo ko dala. Sai dai shi ƙarfe ba ya ruɓewa. Da zarar an ɗaura sabon gatari, mota za ta tashi kamar ba ta taɓa kwanciya ba. Tumatirin da ke cikinta fa? Kabeji da ɗanyen tattasai fa? Raken da aka saro daga fadamun Dungu da Kance, wanda duk ranar da ta ƙwalle a kansa sai ya rage ruwa ya rage nauyi fa? Ko kuwa awaki da tumakin da aka loda don a cimma kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, aka wayi gari Litinin suna tsaye cikin mota, babu ruwa babu harawa? Mai kaya shi ke ɗaukar babban kason asarar, kuma sau da yawa mai kayan nan wata baiwar Allah ce da ta ranto jarinta daga asusu, wadda dole ta biya ko kaya sun isa ko ba su isa ba. Ke nan maganar motar janwe, wato motar da ke jan wadda ta lalace ko ta tayar da wadda ta kife, ta fi shafar mu 'yan kasuwa fiye da yadda ta shafi direbobi da makanikai.

Ra'ayinmu a nan shi ne, Matameye tana bukatar janwe nata na kanta, kuma sana'a ce da za ta iya riƙe mai ita har ya samu riba mai kauri. Amma fa da sharaɗi guda, kada ya zauna yana jiran ranar da wani zai yi hatsari kafin ya ga kuɗi. Dole ne kuɗin su riƙa shigowa tun motoci na kan ƙafafunsu, kuma mu da masu motoci mu ne za mu riƙa zuba su.

Bari mu fara da inda Allah ya ajiye garin. Matameye ita ce hedikwatar gundumar Kance, kusan kilomita 90 daga Damagaram, kuma daga nan zuwa iyaka a Ɗan Barto tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Kana tsallakawa sai Kwangwalam, sai Daura, sai Kazaure, sai Kano. Tun zamanin gyaɗa, lokacin da har masana'antar tatsar mai aka kafa a garin, manyan motoci ke ta kai da kawowa a wannan hanya. Yau wake da riɗi da kanwa da dabbobi ke gangarawa kudu zuwa Dawanau da sauran kasuwanni, su kuma atamfofin Kantin Kwari da kayan masarufin Singa da robobi su hauro arewa har Kasuwar Dole. Ƙara da ƙananan motocin da ke shiga ƙauyukan Yawuri da Kurni da Tsauni da Ishirnawa ran kasuwa, bisa hanyoyin da rairayi ya fi burji yawa. Wurin da motoci suka yi wannan yawa, kuma akasarinsu tsofaffi ne da suka gama aiki a Turai kafin su zo mana, ba za a rasa wadda ta mace a hanya ba.

Yanzu in mota ta mace, me ake yi? Hanya ta farko, a nemo wata motar a ɗaura igiya a ja. Ta biyu, a tara majiya ƙarfi a yi ta turi da haƙa da kabbara. Ta uku, in abin ya gagara, a buga waya Damagaram a nemi mai babbar mota. Wannan ta ukun ita ce mai sa mutum ya dafe kai. Mu yi lissafi tare. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar man gazuwal daga Sefa 668 zuwa 618. Mu ƙaddara babbar mota tana shan lita 35 a kilomita 100. Zuwa da komawa tsakanin Damagaram da Matameye kusan kilomita 180 ne, wato lita sittin da 'yan kai, kuɗin mai kaɗai ya tasar wa jaka 40 tun ba a taɓa motar da ta lalace ba. Ba a sa ladan direba ba, ba a sa na yara ba, ba a sa ribar mai mota ba. Sa'an nan sai ka jira ya gama aikin da ke gabansa, wataƙila sai gobe. Rabin abin da ake biya kuɗin nisa ne kawai, wanda da motar a Matameye take kwana, da ya zauna a aljihunmu.

Ita kuwa igiya, mutane suna ɗaukar ta abu mai sauƙi saboda arha, alhali kuwa arha ba ta ado. Duk makanike ya san cewa in injin ƙaramar mota a kashe yake, birki yakan yi tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari ma haka. Wanda ke gaba ya taka birki saboda jaki ya gitta, na baya sai ya zo ya dake shi. Babbar mota mai birkin iska kuma tata matsalar daban ce, domin in iska ta ƙare a tanki ƙafafun baya kan cije, in kuma aka kwance su don a samu a ja, to motar ta zama ba ta da birki ke nan ɗungum. Irin wannan ba a jan ta sai da sandar ƙarfe mai haɗe motocin biyu, kuma a cire farfela don kada giyabos ya ƙone. Haka nan motocin nan masu giyar otomatik da suka yawaita yanzu, in aka ja su nesa ƙafafun da injin ke juyawa suna ƙasa, gyaran jaka ashirin sai ya koma na jaka ɗari biyar. Ba mu ma yi zancen igiyar ƙarfe da ke tsinkewa ba, wadda in ta yi bulala tana iya raba mutum da ƙafarsa, ga shi kuwa a wurinmu duk inda ake jan mota sai yara sun yi da'ira suna kallo.

Kallon nan ma shi ne ya fi ba mu tsoro. Mai karatu bai manta da abin da ya faru a Yamai a watan Mayun 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, mutane suka taru suna kwasar fetur, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 50 a daren. A watan Oktoban 2024 irin haka ta sake faruwa a Majiya cikin jihar Jigawa, inda aka rasa fiye da mutum 150. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 tankoki suka ƙaru a hanyoyin jihar Damagaram. Ba muna cewa ɗan kasuwa mai janwe guda shi zai tayar da tankar da ke cike da fetur ba, wannan aikin 'yan kwana-kwana ne da jandarmomi, sai an kori jama'a an tsotse man tukuna. Abin da muke nufi shi ne, duk awar da mota ta ƙara a kwance bisa hanya, awa ce ta taruwar jama'a, kuma awa ce da wata motar za ta iya zuwa cikin duhu ta afka mata.

To tunda bukata ta tabbata, me ya hana masu hannu da shuni su zuba jari? Amsar tana cikin yanayin sana'ar. Mai shago ya san kullum zai sayar da sukari da ganyen shayi. Mai janwe bai san ranar da za a kira shi ba. Yana iya yin aiki uku a yini guda cikin damina, sa'an nan ya yi kwana goma sha biyar bai tayar da inji ba. Amma albashin direba ba ya jira, abincin yara biyu ba ya jira, haka inshora da patanti da sauran takardun gwamnati, ga tayoyi da batir da ke mutuwa ko ana aiki ko ba a yi. In ya ci bashi ya sayi motar, to ga mai bashi a ƙofa duk ƙarshen wata. Mutumin da ke cikin wannan hali, ran da Allah ya kawo masa wanda motarsa ta kife, me kuke tsammani zai yi? Zai ɗora masa kuɗin kwana goma sha biyar ɗin nan da ya yi a zaune. Shi kuma wanda aka yanka zai ba mutum goma labari, su goman nan su rantse gara igiya. Aiki ya ƙara raguwa, farashi ya ƙara hawa, daga ƙarshe a sayar da motar ta koma dakon yashi. Abin da ya ɓata sunan janwe a manyan birane ke nan, har ta kai direba in ya hango shi gabansa ke faɗuwa maimakon ya ji sanyi.

Sa'an nan ga iyaka, wadda ba ta da tabbas. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har Disamban 2020, wata goma sha shida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Wanda ya ci bashin miliyoyi ya sayi babbar mota mai ƙugiya don tireloli masu tsallaka iyaka, da me zai biya a waɗannan watanni? Amma a lura, a lokutan nan ƙananan motoci ba su daina shiga ƙauyuka ba, ba su kuma daina kafewa cikin rairayi ba. Wannan darasi ne ga duk mai niyyar shiga sana'ar.

In muka duba asalin sana'ar ma za mu ga wani darasin. A shekarar 1916, a garin Catanuga na jihar Tenesi a Amurka, wani mai gareji da ake kira Ernest Holmes ya je fito da wata mota da ta faɗa rafi. Shi da mutum shida suka shafe awa takwas suna fama da igiya da itatuwa. Da ya koma gida sai ya ɗaura ƙarafa da sarƙa da ƙugiya a bayan wata Cadillac ƙirar 1913, aka samu janwe na farko. Abin lura shi ne mutumin nan mai gareji ne. Motar da ya jawo, garejinsa take zuwa, shi zai gyara, shi zai sayar da kayan gyara. Har gobe haka abin yake, ja yana kawo kuɗin mai da na cefane, gyara shi ke kawo riba. Wanda duk zai sayi janwe a Matameye ba shi da gareji, ko bai haɗa kai da mai gareji ba, to ya sayi guga ne babu rijiya.

Turawa sun daɗe da gano maganin zaman jiran hatsari. A Ingila akwai ƙungiyar AA tun 1905, a Jamus akwai ADAC tun 1903, wadda mambobinta suka haura miliyan 20. Mai mota yana biyan wani abu kaɗan duk shekara, ran da motarsa ta tsaya ya buga waya a zo, ba ciniki ba jayayya. Su kuma masu janwe sun san abin da zai shigo musu tun farkon shekara, saboda haka ba su da dalilin yanka kowa. Wani abin da alkaluman ADAC ke nunawa shekara da shekaru shi ne, batir ne kan gaba wajen tsayar da mota, fiye da kashi 40 cikin 100, kuma galibin motocin a nan gefen hanya ake tayar da su ba tare da an ja su ba. A wurinmu sai a ƙara da taya da fambel da lagireto da sifirin. Wato kafin a tayar da babbar mota a ƙona mai, makanike guda bisa babur da akwatin kayan aiki da batir na ko-ta-kwana zai iya kashe rabin wutar.

Kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne ba zai yi a wurinmu ba. Mu ne fa masu adashi. Iyayenmu mata na kasuwa sun fi kowa sanin yadda dala-dala ke taruwa ta zama jaka. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maradi a 1991, yau ƙasashe da dama na Afirka da Asiya sun kwaikwaye shi, kuma a cikinsa ban da kuɗin ajiya akwai ɗan abin da ake warewa don ranar rashin lafiya ko gobara. To mutuwar mota da kayanki a ciki, Hajiya, ai ita ma gobara ce, sai dai ba hayaƙi.

Ga yadda muke ganin abin zai yiwu, kuma alkaluman nan misali ne kawai, masu abin su za su zauna su yanke. Mu ƙaddara motoci 150 da ke lodi a tashoshin Matameye da Kance da Ɗan Barto sun yarda kowace ta riƙa ba da jaka 2 a wata ta hannun sandikarsu. Jaka 300 ke nan. Mu ƙaddara kuma 'yan kasuwa 300, maza da mata, masu ɗora kaya kowane mako, sun yarda da dala hamsin-hamsin a mako. Wata jaka 300 ɗin ke nan a wata. Da jaka 600 tabbatattu, mai janwe ya biya ma'aikata, ya biya takardu, ya rage bashi, tun bai fita aiki ko sau ɗaya ba. Abin da ya rage sai mamba ya biya kuɗin mai gwargwadon nisa, wanda ba mamba ba kuma, kamar baƙuwar tirela mai wucewa, ya biya cikakken farashi. Daga nan ne riba za ta fito, da kuma gareji.

Me mu 'yan kasuwa za mu samu a madadin dala hamsin ɗinmu? A nan ne muke so a saurare mu da kyau, domin in aka bar wa masu motoci kaɗai tsara abin, to mota za su tuna, su manta da kaya. Sharaɗinmu shi ne kaya kafin mota. In an buga waya, abin da za a fara tambaya shi ne me aka ɗauko. In ɗanyen kaya ne ko dabbobi, mai janwe ya taho da motar da ba ta da lodi da 'yan dako, a juye kayan su wuce kasuwa, sa'an nan a ji da ƙarfe a tsanake. Dama motar da ta kife ba ta tasuwa sai an sauke abin da ke cikinta, ke nan aikin dole ne, tsari kawai ya rasa. In busassun kaya ne kamar wake ko atamfa, a zo da tamfol a rufe, a ajiye mai gadi, a ƙirga buhuna a gaban direba a rubuta. Kowa ya san yadda buhu ke yin ƙafa da dare a gefen hanya. Inda mota ba ta iya shiga saboda rairayi, amalanken shanu na ƙauyen da ke kusa sun isa su fito da kaya bakin kwalta, su ma masu amalanken su samu na goro. Mai janwe mai wayo zai riƙe lambar wayar mutum guda a kowane ƙauye da ke bakin hanya.

Shi kuma mai jari, shawararmu gare shi kada ya fara da babbar mota mai ƙugiya. Tsadarta ta yi yawa, kayan gyaranta sai an je Ƙofar Ruwa a Kano ko ma a yi odar su daga waje, aikinta kuma jefi-jefi ne. Matsakaiciyar mota mai ƙarfin shiga rairayi, wadda aka ɗaura wa na'urar naɗe igiyar ƙarfe da makanikai ke kira winci, ita ce daidai da mu. A haɗa mata sandar ja, da sarƙoƙi masu kyau, da wilin nan da ake ratsa igiya ta cikinsa ya ninka ƙarfin ja, da jak manya biyu, da faifan ƙarfe na shimfiɗawa ƙarƙashin taya, da fitilu da alamun gargaɗi masu ƙyalli don a huta da karya rassan itacen mutane. In babban aiki ya faɗo, ya kira na Damagaram su raba. Direban kuma a nemo dattijo wanda ya san nauyi, ba yaron da zai mai da abin wasan nuna bajinta ba.

Farashi kuwa a rubuta shi ɓaro-ɓaro a allo a kafa a tasha, kaza a kilomita, kaza in dare ne, kaza in kifewa ce. A ba da rasit. Kafin a ɗaura sarƙa a ɗauki hoton motar da waya ta kowane gefe, don kada gobe a ce janwe ne ya fasa gilashi. Ciniki a gefen hanya da tsakar dare, mutum yana kallon dukiyarsa a ƙasa, ba ciniki ba ne, ƙwace ne da sallama.

Akwai wani abu da 'yan kasuwa da yawa ba su sani ba, wanda kuma zai ƙarfafa mana gwiwa a wannan zama. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, kuma dokar wannan ƙungiya kan jigilar kaya a mota, wadda aka amince da ita a Yawunde a 2003 ta fara aiki a 2004, ta ɗora wa mai jigila alhakin kaya tun daga lokacin da ya karɓa har ya miƙa. Dokar ta ce ba zai fake da cewa motarsa ce ta lalace ba. Ta kuma ƙayyade diyya, ba ta wuce Sefa 5,000 a kowane kilo sai in an bayyana darajar kayan tun farko. Sai dai dokar tana tafiya ne da shaida, wato takardar da ke nuna buhu nawa aka ɗora, na wa ne, ina za su. Mu kuwa yawancin lodinmu da baki ake yi, in asara ta zo a ce ƙaddara ce, a yi wa juna jaje a watse. Ita kuma inshorar dole da kowace mota ke yawo da takardarta, wanda motar ta buge take biya, ba ruwanta da janwe, ba ruwanta da tumatirinki. Idan masu motoci suka fahimci cewa doka tana iya bin su bashin kayan da suka ruɓe, jaka 2 a wata za ta yi musu sauƙi ƙwarai. Mu kuma muna da makami a hannu, kafin a ɗora buhu a tambayi ɗan kamasho, motar nan tana cikin tsarin janwe? In ya ce a'a, a jira ta baya.

Mun san abin da wasu za su ce, kuɗin taro ai cinye su ake yi. Gaskiya ne an sha gani, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa muke cewa kada ƙungiya ta sayi motar da kanta. Motar kowa da kowa ba ta da mai duba mata ruwan batir, wata shida ta yi yawa za ka gan ta bisa duwatsu a bayan ofis. A bar mutum guda ya saya da kuɗinsa, ya ji zafinta. Ƙungiya ta yi yarjejeniyar shekara guda da shi a rubuce, a riƙa biyan sa ƙarshen wata bayan an duba littafin kira, sau nawa aka kira, sau nawa ya zo, cikin awa nawa. In ya saɓa a yanke, in ya ci gaba da saɓawa a nemi wani. Kuɗin kuma a riƙe su yadda matan asusu ke riƙe nasu, akwati guda makullai uku a hannun mutum uku, ko a banki da sa hannun mutum uku, kuma lallai ɗaya daga cikinsu ta kasance mace 'yar kasuwa. Ba don ado muka faɗi haka ba, don mun ga wanda ya fi iya tsare dala ne.

Wasu kuma za su ce ai masu lodin ganganci su ne za su cinye gajiyar tsarin, mai kiyaye motarsa ya riƙa biya musu. Wannan ƙorafi yana da tushe. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 da ta ƙayyade nauyi, tan 11.5 a gatari guda, tan 51 ga babbar tirela mai gatari shida, amma kowa yana ganin yadda ake ɗaure kaya har su ninka tsawon mota, fasinjoji kuma su hau bisa. Akwai masu kayan da su ne ke matsa wa direba ya ƙara buhu biyar don kuɗin dako ya sauka. Gatari bai san haƙuri ba, iyakarsa ya karye. Maganin shi ne a sa a cikin yarjejeniya cewa mamba yana da kira kaza a shekara, abin da ya haura ya biya kamar baƙo, kuma motar da aka tarar lodi ne ya karya ta, ta biya ninki.

Hukumar magajin gari ba mu nemi ta sayi komai ba. Fili muke so ta ware kusa da kwalta inda za a riƙa ajiye motocin da aka jawo, ta kuma sa hannu a kan allon farashi. Jandarmomi da 'yan sanda su riƙe lambar wayar, su kira in sun tarar da mota ta tare hanya. Abin da muke roƙo kada a yi shi ne a mai da janwe sandar karɓar tara, a riƙa ɗauke motar da mai ita ya shiga shago sayen ruwa. Ran da aka fara haka, ran nan amana ta ƙare, kuma ba mai sake zuba ko dala.

Kafin kowa ya fitar da kuɗi, akwai aikin da ba ya cin komai sai littafi da biro. Shugabannin tasha da na 'yan kasuwa su sa a riƙa rubuta duk motar da ta mace tsakanin Takeita da Ɗan Barto da hanyoyin ƙauyuka har tsawon wata uku, wace iri ce, me ya same ta, me ta ɗauko, awa nawa ta yi, nawa aka kashe. A fara daga tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke cin gefen hanya kamar yadda ya yi a 2024, a kai har kaka da farkon saran rake, lokacin da lodi ya fi nauyi. Da wannan littafi za a je wurin mai jari, da shi kuma za a yanke ko jaka 2 ta isa ko sai an ƙara.